Hazon watan Titan: irin namu ne na hunturu, kuma shi ya jawo masa wannan sanyi?

Sadiq_Gwale:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masana sararin samaniya na gidan nan. Akwai wani wata mai suna Titan da ke kewaya duniyar Zuhal, mai zoben nan. Duk hotonsa da aka ɗauka da kyamara irin ta kowa, dunƙule ne kawai mai ruwan lemo, ba dutse, ba rami, ba komai, don hazo ya rufe shi ruf. An kuma ce sanyin ƙasarsa ya kai digiri 179 ƙasa da sifili. Ni dai a ganina hazon ne ya tare rana ya jawo sanyin, kamar yadda ake yi mana a nan idan hazon hunturu ya sauko. Shin haka ne? Kuma daga ina ƙurar ke tasowa? Ai dole akwai hamada a wurin.

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Ni ma na daɗe ina son jin wannan. Malam Isa, Hajiya Binta, ana nemanku.

Malam_Isa_Fizik:
Wa alaikumus salam Sadiq. Rabin maganarka na kan hanya, rabi kuma na son gyara. Babban abin da ya sanyaya Titan nisa ne. Zuhal da watanninta suna can wajen kilomita biliyan 1.4 daga rana, wato nisanmu da rana sau tara da rabi. Shi kuwa haske, idan nisa ya ninka sau goma, sau ɗari yake raguwa. Don haka abin da ke isa saman iskar Titan kusan kashi 1 cikin 100 ne na abin da ke zuwa mana. Ko yau aka share hazon nan tas, wurin ba zai daina zama gidan ƙanƙara ba.

Amma hazon na da hannu a ciki, ba na musu. Sai dai ba ƙura ba ce. Namu daga ƙasa iska ke kwasarsa ta kai sama. Na Titan a sama ake ƙera shi, sannan ya riƙa gangarowa ƙasa.

Sadiq_Gwale:
Malam, a sama ake ƙera shi kamar yaya? Da me?

Hajiya_Binta_Kemistri:
Sadiq ɗana, bari in karɓi wannan, fagena ne. Iskar Titan kusan kashi 95 cikin 100 naitrojin ce, irin wadda ta fi yawa a tamu iskar. Sauran, wajen kashi 5 a kusa da ƙasa, metan ce, wato iskar gas mai kama wuta. Can ƙololuwa, kimanin kilomita 1,000 daga ƙasa, hasken ultrabayolet na rana da ƙwayoyin lantarki masu gudu da maganaɗisun Zuhal ke watsowa suna farfasa waɗannan iskoki biyu. Ita metan kabon ɗaya ce riƙe da haidurojin huɗu. Idan aka fizge mata haidurojin, guntun da ya rage ba ya iya zama shi kaɗai, sai ya cafki ɗan'uwansa. Biyu suka haɗu an samu etan. Aka ci gaba a samu asitilin, wadda masu walda ke haɗawa da kabayid, a samu furofen da sauransu. Idan naitrojin ta shigo cikin haɗin sai a samu haidurojin sayanaid, wadda a nan duniya guba ce mai kisa.

Haka sarƙar ke ƙara tsawo har ta daina zama iska ta koma ƙananan ƙwayoyi daskararru, suna manne wa juna, suna yin nauyi, suna sauka sannu a hankali. Su ne hazon. Abin da ya ba masana mamaki shi ne kumbon Cassini da aka aika Zuhal, da ya ratsa ta saman iskar, ya tarar da manyan ƙwayoyin da nauyinsu ya ninka na haidurojin sau dubbai tun a can sama, inda aka zaci iskar ta yi sirantar da ba za ta iya wannan aiki ba.

An gwada abin a ɗakin bincike. Carl Sagan da Bishun Khare sun zuba irin waɗannan iskoki a kwalba suka sakar musu lantarki, sai wani abu mai danƙo, launinsa tsakanin ja da ruwan ƙasa, ya taru a jikin gilashin. A 1979 suka raɗa masa suna tolin.

Abu ɗaya nake so ku riƙe: haidurojin da aka fizge ba ta da nauyi, tserewa take zuwa sararin samaniya, ba ta dawowa. Duk metan da aka fasa ta tafi ke nan.

Ɗan_Damagaram:
Malam Isa ya yi gaskiya kan namu hazon. Mu nan muna kan hanyarsa. Babban tushensa kwarin Bodele ne a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, inda iskar arewa maso gabas ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi farar ƙasa. Mai yawa a cikin farar ƙasar nan ɓawon ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu tun tafkin na da girma. Wato namu ma'adani ne, kuma da damina ta zo ya wuce. Na Titan kuwa, yadda Hajiya ta bayyana, ya fi kama da hayaƙi, kuma ba shi da ranar yayewa.

Abba_Mai_Keke:
Ku dakata. Kun ce gas ce cike da wurin. To idan mutum ya ƙyasta ashana ba sai watan gaba ɗaya ya tashi da wuta ba?

Ummu_Hanan:
Abba ka riga ni a baki wallahi.

Injiniya_Lawal:
Ko ashanar ma ba za ta ci ba, Abba. Wuta na buƙatar oksijin, iskar Titan kuwa ba ta da oksijin sakakkiya. Wadda ke wurin a ɗaure take cikin ƙanƙarar ruwa, ƙanƙarar kuma a wannan sanyi tauri gare ta kamar dutse, ita ce ma duwatsun wurin. A can, wanda ya zo da tukunyar oksijin shi ya zo da abin haɗari.

Sannan a bambance. Gas ɗin girki na silinda furofen ce da butan. Metan ita ce iskar gas ta bututu, wadda ake matsawa a zuba wa motoci. A Bonny ta jihar Ribas, kafin a loda ta a jirgin ruwa, sai an sanyaya ta zuwa wajen digiri 162 ƙasa da sifili ta zama ruwa, aiki ne mai cin wuta da kuɗi. Titan na kan 179, don haka a can da kanta take zama ruwa. Tana daskarewa a wajen 182. Ku dubi ƙanƙantar ratar nan. Zafin wurin ya faɗa daidai inda metan ke iya zama tururi, ta zama gajimare, ta sauko ruwan sama, ta kwanta tafki. Bayan duniyarmu, babu wani wuri da aka tabbatar yana da tafkuna a fili sai nan.

Ɗalibar_Jogirafi:
Ina da ja a nan, malamaina. A aji an koya mana metan na cikin iskokin da ke riƙe zafi, har ta fi kabon dayoksaid ƙarfi. Idan kashi 5 cikin 100 na iskar Titan metan ce, ya kamata a ce ta ɗumama shi, ba ta sanyaya shi ba. Me ya faru?

Malam_Isa_Fizik:
Ƙanwata, tambayarki ce ta kawo mu ainihin amsar Sadiq. Abubuwa biyu ne ke jan igiya a wurin. Iskar da kanta, wato metan da naitrojin da ɗan haidurojin, tana riƙe zafin da ƙasa ke fitarwa, kamar yadda kika karanta. Hazon kuma akasin haka yake yi: yana shanye hasken rana tun a sama ya hana shi isa ƙasa, amma zafin da ke tashi daga ƙasa yana ratsa shi ya fice ba tare da wata wahala ba. Christopher McKay da abokan aikinsa sun yi lissafin a 1991. Riƙon zafin na ɗaga ƙasar da digiri 21, hazon na sauke ta da digiri 9, riba ta tashi 12. Da babu ko ɗaya daga cikin biyun da wurin na wajen 191 ƙasa da sifili, shi ya sa yanzu yake 179.

To Sadiq, ga rabon hazo a sanyin nan: digiri 9. Sauran duk nisa ne.

Sadiq_Gwale:
Na gode Malam. Amma tun da ba a ganin ƙasa, ta yaya aka san akwai tafki da ruwan sama? Kada dai hasashe ne kawai.

Tsohon_Hedimasta:
Ba hasashe ba ne, yaro. Abin ya ɗauki ƙarnuka. Christiaan Huygens, mutumin Holan, shi ya fara ganin watan a 1655. Gerard Kuiper ya gano metan a iskarsa a 1944, ta hanyar rarraba haskensa. A Nuwamban 1980 aka karkatar da kumbon Voyager 1 musamman don ya wuce kusa da Titan. Karkatarwar ta fitar da shi daga layin sauran duniyoyi, bai sake ziyartar wata duniyar ba. Abin da kyamararsa ta gani shi ne abin da ka gani, hazo zalla. Amma na'urorinsa sun auna nauyin iskar da sanyinta, suka kuma nuna naitrojin ce ta fi yawa.

Sai Cassini, wanda aka harba a Oktoban 1997 ya isa Zuhal a 2004. Ya tafi da radar, wadda hazo ba ya tare ta, ya kuma goya ƙaramin kumbon Turai mai suna Huygens. Ranar 14 ga Janairun 2005 Huygens ya shiga iskar Titan da laimar sauka, ya yi kusan awa biyu da rabi yana gangarowa. Da ya fito ƙasan hazon sai ga hotunan kwaruruka masu rassa, irin waɗanda ruwa mai gudu kaɗai ke sassaƙawa. Ya dira a wani fili mai laushi da danshi, kewaye da tsakuwoyi mulmulallu na ƙanƙara, alamar ruwa ya taɓa gangaro da su. Ɗumin jikinsa ya sa metan ta riƙa tururi daga ƙasar, na'urarsa ta shaƙa. Ya yi sama da awa ɗaya yana aiko da saƙo daga ƙasa. Har gobe babu abin da ɗan Adam ya taɓa saukarwa a wuri mai nisan wannan.

Ni na ga Titan da idona ta ƙaramin madubin hangen nesa a filin makaranta, ɗigon haske ne a gefen Zuhal. Duk mai ƙaramin madubi zai iya ganinsa.

Nura_Lantarki:
Ƙari kan maganar Baba. Huygens na da layin rediyo biyu zuwa Cassini, aka yi kuskuren umarni ba a kunna mai karɓar ɗaya ba. Rabin hotunan suka salwanta, kimanin 350 aka samu, kuma awon gudun iska na kan layin da ya ɓata. Manyan faifayen rediyo na nan duniya ne suka kama ɗan siririn saƙon kai tsaye, da shi aka ceto awon. Ya nuna a wajen kilomita 120 sama iska na gudun mita 120 a daƙiƙa, a ƙasa kuwa kusan tsit, abin da bai wuce tafiyar ƙafa ba.

Ɗalibar_Jogirafi:
Mita 120 a daƙiƙa? Ai ya wuce kilomita 400 a awa. Wata mai juyawa a hankali ina ya samu wannan?

Nura_Lantarki:
Titan na ɗaukar kusan kwana 16 kafin ya juya sau ɗaya, fuska ɗaya yake nuna wa Zuhal kullum. Amma saman iskarsa na zagaye watan da gudun da ya ninka na ƙasarsa sau da yawa. Duniyar Zahra ma haka take, ita ma mai kaurin iska ce mai jinkirin juyawa.

Alhaji_Sabo_Kantin_Kwari:
Ina ta karantawa. Ikon Allah ya wuce tunani, Subhanallah. Amma ku gaya mini gaskiya, 'ya'yana. Biliyoyin da ake zubawa a leƙa wani wata da ba mai zuwa, alhali mutane na kwana da yunwa, mene ne amfaninsa?

Hajiya_Binta_Kemistri:
Alhaji, tambayar na da nauyi, ba zan yi mata rufa-rufa ba. Ba zan ce maka Titan zai ciyar da kowa ba. Abin da zan iya faɗa shi ne lissafin da ake yi wa yanayin duniyarmu, na ɗumama da na ƙura da na hayaƙi, a wuri ɗaya kawai ake iya gwada shi idan babu irin su Titan. Ga wata duniya mai gajimare da ruwan sama da koguna, amma da wani ruwa dabam, a wani sanyi dabam. Idan lissafinka ya yi daidai a can ma, ka san ka fahimci abin da gaske. Sannan masana da dama na ganin duniyarmu, kafin oksijin ta yawaita fiye da shekara biliyan 2 da suka wuce, ta yi zamanin da irin wannan hazo ya riƙa lulluɓe ta. Shaidar wancan zamani a nan ta goge kusan duka. A can kuwa aikin na gudana yanzu.

Alhaji_Sabo_Kantin_Kwari:
Na ji, Hajiya. Ban gamsu duka ba, amma na ji.

Mamman_Agadas:
Alhaji, kuɗin Amurka da Turai ne, ko ba su kai Titan ba ba kasuwarmu za su kawo ba. Mu koma kan magana. Sadiq ya tambayi tafkuna, Baba Hedimasta ya tsaya a kwaruruka.

Tsohon_Hedimasta:
Gaskiyarka Mamman. A Yulin 2006 radar ta Cassini ta hango baƙaƙen wurare masu santsi kusa da ƙuryar arewa, da gaɓa da mashigai. A 2009 aka ɗauki ƙyallin rana a kan ɗaya daga cikinsu, irin ƙyallin da ruwa kwantacce kaɗai ke yi. Mafi girma shi ne Kraken Mare, wanda ya fi tekun Kasfiyan faɗi. Na biyu Ligeia Mare, an auna zurfinsa wajen mita 160, domin radar ta ratsa ruwan har ta taɓo gindi ta dawo. Wannan ma ya nuna yawancinsa metan ce tsantsa. A kudu babba guda ɗaya ne, Ontario Lacus.

Ummu_Hanan:
Me ya sa duk suka taru a arewa?

Malam_Isa_Fizik:
Bayanin da ya fi karɓuwa yana komawa ga hanyar Zuhal. Tana shekara 29 da rabi kafin ta zagaye rana, don haka kowane lokaci na shekarar Titan ya haura shekara 7 tamu. Hanyar ba da'ira ce cikakkiya ba, kuma a zamanin nan bazarar kudu ce ke faɗowa lokacin da aka fi kusa da rana. Sai ta zo gajeriya mai ɗan zafi, ta arewa kuma doguwa mai sauƙi. A hankali metan ke ƙaura arewa. Ana ganin bayan dubban shekaru masu yawa abin na juyawa.

Cassini ya yi shekara 13 a can, ya ga sauyin da idonsa. A Agustan 2009 rana ta tsallaka tsakiya zuwa arewa. A 2010 wani babban hadari ya taso a yankin tsakiya, bayan ya wuce aka ga ƙasa mai faɗin gaske ta yi duhu, alamar ta jiƙe, daga baya ta bushe ta koma yadda take. A 2012, da hunturu ya doshi kudu, wata guguwa mai juyawa ta kafu a saman ƙuryar kudu, wajen kilomita 300 sama, aka tarar da ƙanƙarar haidurojin sayanaid ɗin da Hajiya ta ambata a cikin gajimarenta.

Abba_Mai_Keke:
Ruwan saman nan yana dukan mutum kamar namu?

Injiniya_Lawal:
A'a. Jan ƙasar Titan kashi ɗaya cikin bakwai ne na namu, iskar kuma ta fi tamu kauri sau huɗu da wani abu, nauyinta a kan ƙasa sau ɗaya da rabi na namu. Lissafi ya nuna ɗigon zai iya kai santimita guda, ya riƙa saukowa a hankali. Amma a yankin tsakiya ana daɗewa ƙwarai ba a yi ba, idan ya zo kuma ya zo da ambaliya.

Mamman_Agadas:
To ni zan tsaya wa Sadiq, don an yi saurin wuce rabin tambayarsa. Ya ce dole akwai hamada, kuma akwai. Yankin tsakiyar Titan cike yake da tuddan rairayi dogaye, jere da juna, wasu tsayinsu ya kai mita 100, tsawonsu ɗaruruwan kilomita. Masana da hamadar Namib suke kwatanta su. Sai dai rairayin baƙi ne, kuma alamu sun nuna ba na dutse ba ne, sinadaran kabon ne, wato abin da hazon ya zubar ya taru ya dunƙule. Kun ga ke nan a can hazo ne ya haifi hamada.

Kuma ba a nan ta tsaya ba. A 2018 wasu masana suka fitar da nazarin wasu wurare masu haske da Cassini ya gani a kan filayen tuddan nan a 2009 da 2010, suka ce mafi kusa da gaskiya guguwar ƙura ce. Don haka ƙura na tashi daga ƙasa a Titan, sai dai ba ita ce lulluɓin da ke cikin hoton ba.

Sadiq_Gwale:
Allah ya saka, Yaya Mamman. Yanzu kuma maganar Hajiya ce ta dawo mini. Ta ce duk metan da aka fasa ta tafi ke nan. To ba za ta ƙare ba?

Hajiya_Binta_Kemistri:
Nan ne gizo ke saƙa. Da irin saurin da rana ke fasa ta, metan da ke iskar yanzu za ta ƙare cikin miliyoyin shekaru 'yan gomomi. Titan kuwa ya kai shekara biliyan 4 da rabi. Ko dai wani abu na ƙara ta, ko kuma mun zo ne a wani ɗan zamani da ba haka watan ya saba zama ba. Ni na fi karkata ga cewa daga ciki take fitowa. Kumbon Huygens ya shaƙi wata iska mai suna argon-40 a can, ita kuwa daga ruɓewar fotasiyam na cikin duwatsu take samuwa. Tun da ta iso sama, akwai hanya tsakanin cikin watan da iskarsa. Kuma ƙanƙarar ruwa na iya kulle metan a cikin ramukanta, ta sake ta idan ta ɗumama.

Nura_Lantarki:
Hajiya, da girmamawa, argon ta nuna an taɓa fitar da iska, ba ta nuna ana fitarwa yau ba. Dutsen da ake yawan nunawa a ce mai aman ƙanƙara ne, Doom Mons da ramin Sotra Patera da ke gefensa, siffa ce kawai ta yi kama. Cassini ya wuce kusa da Titan sau 127, bai taɓa kama wani wuri yana aman komai ba.

Injiniya_Lawal:
Ba tafkunan ne ke ciyar da iskar ba?

Hajiya_Binta_Kemistri:
Ba za su isa ba, Injiniya. Metan da ke cikin iskar ta fi wadda ke kwance a tafkunan da aka gani yawa. Akwai ma wata matsalar. Kafin Cassini an yi lissafin cewa idan an yi biliyoyin shekaru ana wannan fashe-fashe, etan da ta zubo ta isa ta rufe watan da teku mai zurfin ɗaruruwan mita. Aka je ba a tarar da tekun ba. Ko ta nutse cikin ƙasa, ko kuma aikin bai daɗe haka ba. Nura, ka lura wannan na biyun ya fi taimakon ra'ayinka, ban ɓoye ba.

Ummu_Hanan:
Ni tambayata ta ƙarshe: akwai rai a wurin?

Malam_Isa_Fizik:
Babu wanda ya ga alamar rai, Malama. Abin da ake da shi kayan haɗi ne. A 2015 wasu masana a jami'ar Cornell suka kawo shawarar cewa wani sinadari, akrilonaitiril, zai iya yin fatar ƙwayar halitta a cikin ruwan metan. A 2017 faifayen rediyo na ALMA da ke Chile suka tabbatar sinadarin na cikin iskar Titan. A 2020 wani lissafin ya nuna da wuya fatar ta haɗu da kanta a wannan sanyi, sinadarin ya fi son zama ƙanƙara. Sanyin ne babban cikas, komai na kemistri tafiyar hawainiya yake yi.

Shi ya sa Dragonfly ya ɗauki wata hanya. Jirgi ne mai farfela takwas na NASA, an tsara harba shi a Yulin 2028 ya isa a 2034. Kaurin iska da raunin jan ƙasa sun sa tashi ya yi sauƙi a can, hazon kuma ya sa hasken rana ba zai ba shi wuta ba, da batirin nukiliya zai tafi. Zai sauka a tuddan rairayi ya nufi ramin Selk, inda wani dutse ya taɓa faɗowa daga sama ya narkar da ƙanƙara. A nan ruwa na gaske ya gauraya da abin da hazon ya zubar na wani lokaci kafin ya sake daskarewa. Ana so a ga iya inda haɗin ya kai.

Mamman_Agadas:
Kuma zai ɗebi rairayin ya auna, a huta da gardamar ko mene ne.

Ɗalibar_Jogirafi:
Bari in mayar da mu kan lissafin 21 da 9. Idan metan ta ƙare, hazo zai daina samuwa, sama ta washe, a dawo da digiri 9 ɗin. Ke nan Titan zai ɗan yi ɗumi?

Malam_Isa_Fizik:
Akasin haka. Metan ɗin da ke haifar da hazon ita ce kuma ginshiƙin riƙon zafin, ita ce ma tushen haidurojin da ke taya ta. Za a samu 9 a rasa mafi yawan 21. Akwai nazarin da ya nuna sanyin zai iya kaiwa inda naitrojin da kanta za ta fara zama ruwa ta zubo, iskar ta sirance.

Injiniya_Lawal:
Malam, ban yarda abin zai tafi kai tsaye haka ba. Naitrojin na zama ruwa a wajen 196 ƙasa da sifili a nauyin iskarmu, a nauyin ta Titan kuma wajen 192. Kai ka ce ba tare da komai ba wurin na 191, kuma idan hazo ya tafi launin watan zai sauya, hasken da yake mayarwa ma ya sauya. Don haka amsar ta rataya ne a kan ko ƙasar da za ta bayyana fara ce ko baƙa. Idan tuddan Mamman ne suka fi yawa, baƙar ƙasa za ta sha rana. A ƙuryoyin arewa da kudu lokacin hunturu na yarda naitrojin za ta iya zubowa, amma a yankin tsakiya sai an kawo mini lissafi.

Hajiya_Binta_Kemistri:
Tuddan ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na faɗin watan ba, Injiniya, kuma ruwan naitrojin da ya fara kwanciya a ƙurya ɗaya zai riƙa janyo sauran iskar, ba sai tsakiya ta yi sanyin ba. Ka sa wannan a naka lissafin ka turo mu gani.